Hannun da Na Sumbata

"Wato ka girma, ɗan nema? Hannuna ma ka fi ƙarfin sumbata?" in ji mahaifiyata ranar Sallah, a gidanmu da ke birnin Irbid.

Likita ya gargaɗe mu cewa maganin ciwon daji ya cinye fararen ƙwayoyin jininta, masu gadin jiki. Ni kuwa mura nake ɓoyewa. Amma dangi sun zuba mini ido, sai na cire takunkumin fuskata, na sumbaci hannun, na ɗora a goshina. Ta jawo fuskata tana dariya.

Kwana uku na warke. Ita kuwa murar ta kama ta, rana ta tara muka binne ta.

Likitan ya taɓa cewa cikin masu gadin akwai waɗanda tunawa kaɗai ce aikinsu, ba sa manta abin da ya taɓa shigowa. Nawa masu tunawar lafiyarsu ƙalau.