Teburin Gugar Auta

An sake ɗaga mata tebur.

Auta ta ajiye jakar littattafanta ta tsaya tana kallonsa. Teburin gugar da take saukewa daidai ƙugunta ya kusa kai mata ƙirji, an naɗe wayar dutsen guga tsaf. Tulin zannuwan gadon otal da ta bari jiya da rana kuwa babu ko ɗaya. An goge, an ninke, mota ta kwashe.

Dokar shagon wankin kowa ya san ta. Kowane mai guga da teburinsa da tulinsa, kuma duk wanda motar otal ta zo da la'asar ta tarar bai gama ba, to ya fara neman wani aikin. Auta ta daɗe tana cika dokar nan, guga da rana, kwalejin koyon jinya da yamma. Kwatsam kwalejin ta mayar da darasin gwaji tsakar rana, Talata da Alhamis. Da ta roƙi maigidan shagon ya sauya mata lokaci, ko ɗago kai bai yi ba.

"Mota ba ta san karatu ba," in ji shi.

Ta tafi ajin duk da haka, ta riga ta sa wa ranta an kore ta. Ba a kore ta ba, sai dai abin da aka yi ya fi kora ciwo. An samo wanda ke hawa teburinta duk ranar da ba ta nan.

Ta tambayi matar teburin kusa, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Ranar nan Rediyo sai ta zama kamar an cire mata batir.

"Wani ne dai," ta ce tana ƙunshe dariya. "Amma gaskiya ya fi ki iya fitar da karin guga."

Auta ta gane karatun. Haka maigida ke yi in zai sallami mutum, sai ya gwada hannun sabo tukuna. In teburin nan ya tafi, kwalejin ta tafi, ɗakunan hayarta biyu ma sun tafi.

Gida ma ba wurin hutu ba ne. Tun rasuwar mahaifiyarsu, yayyenta kowa ya kawo uzurinsa, wannan nisa, waccan miji, sai Baba ya faɗo hannun Auta. Tsohon soja ne, dogo, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarta. A da muryarsa kaɗai kan sa gida ya nutsu, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba. Kwanan nan kuma ya tsiri fita shan iska da rana. Ya dawo da magariba ya miƙe a ƙasa, wai bayansa, ko ruwa bai ɗora a wuta ba. Ita ce shara, ita ce girki, ita ce haddar sunayen ƙasusuwa a bakin murhu.

Ranar Alhamis da safe tukunya ta ƙone, haƙurinta ma ya ƙone tare da ita.

"Baba, don Allah ko tukunya ce ka riƙa duba min. Ni kaɗai ce mai rai a gidan nan? Ana shirin ƙwace min aiki, kai kuma kana can kana yawo."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ta, ya ce, "To, Auta." Ta fita da kunya da haushi a cakuɗe, ta rasa wanda ya fi yawa.

A ɗakin gwaji aka ba ta ɗaurin rauni a jikin mutum-mutumi. Bandeji ya suɓuce mata, malama ta ce ta sake. Ya sake suɓucewa. Idonta na kan agogon bango, hankalinta na shago, inda a daidai wannan lokacin wani ke tsaye a wurinta yana nuna gwaninta da guminta. Ta tuɓe safar hannu ta ɗauki jaka.

"In kika fita, sai dai ki maimaita gwajin nan," malama ta ce.

Ta fita.

Motar haya ta maƙale a cunkoso, ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana shirya maganar da za ta faɗa. Da maigida ya gan ta a ƙofa, sai ya miƙe zumbur, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba.

"Ke ba kina makaranta ba?"

Ta kewaye shi. Rediyo ta sunkuyar da kai kan wata riga. Daga bayan labulen ɗakin guga ana jin hucin tururi, daga teburinta yake fitowa, ta san sautin dutsenta. Ta ja burki a gaban labulen ta ɗaga murya yadda duk shagon zai ji.

"Ko wane ne kai, ka ji kunya. Marainiya ce kake ƙwace wa abinci, ga tsoho a gida ina ɗawainiya da shi. Duk garin nan ka rasa inda za ka nemi aiki sai a wuyana?"

Tururin ya tsaya.

"Ni ban ɗauki kowa aiki ba," maigida ya ce a hankali daga bayanta. "Zuwa ya yi ya roƙe ni in bar miki teburinki, shi zai riƙa fitar da tulin. Sharaɗinsa ɗaya, kar ki sani."

Ta yaye labulen.

A bakin teburinta, sharkaf da gumi, da zanen gado na ƙarshe a gabansa, Baba ne tsaye riƙe da dutsen guga.