Ranar da Baba Istifanus Ya Tuɓe Riga

Ni na fara kurma ihun "ɓarawo!" ranar nan a Jahun, ina ɗan shekara tara, lokacin da aka fara shari'ar Musulunci, ko'ina zancen yanke hannu ake. Wani saurayi na gani ya zare farar rigar shadda daga igiyar shanyar maƙwabcinmu Baba Istifanus, Kirista, malamin asibiti. Kafin la'asar an tare saurayin a ƙofar gidanmu, leɓensa na jini, ana cewa a kai shi gaban alƙali.

Baba Istifanus ya fito, ya karɓi rigar, ya mayar wa saurayin. Sai kuma ya tuɓe taguwar da ke jikinsa ya ɗora masa a kai. Dattijo mai furfura, ciki a waje, a gaban mata da yara! Wata tsohuwa ta saki salati ta juya baya. 

Mahaifina ya ce, "Haba Malam Istifanus, mutuncinka fa?"

Ya ce, "Malam, a littafinmu, wanda ya ɗauke maka rigar waje, ka bi shi da ta ciki. Riga sutura ce, yau kuwa ya fi ni bukatar sutura."

Babu wanda ya ƙara ambatar alƙali. Mahaifina ya warware rawaninsa a bainar jama'a, abin da ban taɓa gani ba, ya yafa wa maƙwabcinsa.

Har yau in ihu ya taso mini a maƙogwaro, ƙirjin dattijon nan nake gani, sai in haɗiye.