Golan da Ya Ba da Safar Hannunsa

Kin ce tun da kika duba ciwon nan a waya abinci ya daina shiga? To ajiye ta, 'yata, ki ji misalin wani ɗalibi.

Yaron nan gola ne. Tun yana firamare ba shi da buri irin ya tsare ragar jami'a, kuma yana samun shiga koci ya ɗauke shi. Sai aka tura sababbin ɗalibai asibitin makaranta gwajin jini, kamar yadda ake yi kowace shekara. Ya karɓi sakamakonsa, ya ga an rubuta AS. Layin ganin likita ya kai har bakin ƙofa, ga rana, ga yunwa. Ya ce, "Haba, ina da waya a hannu zan tsaya bin layi?" Yana tafe yana dannawa. Abin da ya fara fito masa hotunan masu ciwon sikila ne, kwance ana ƙara musu jini. Bai ko kai rabin bayanin ba ya cusa wayar a aljihu, wai shi ya gama ganewa.

Daga ranar ya mai da kansa majinyaci. Ya miƙa wa wani ɗan ɗakinsu safar hannunsa, ya ce wa koci karatu ya yi masa yawa. Gwiwa ta ɗan yi tsami, sai ya ce shi ke nan, abin ya fara. In ya ji ihun 'yan kallo daga fili da la'asar, sai ya rufe taga, ransa na ƙuna. Bai gaya wa kowa ba, don kada a riƙa yi masa kallon tausayi. Ita kuwa waya kin san halinta, abin da ya tsorata ka shi take ƙara turo maka. Ƙato lafiyayye, wallahi, fargaba kaɗai ta ramar da shi.

Sai wajen ƙarshen shekara zazzaɓin sauro ya mai da shi asibitin nan dai. Ya sassauta murya ya ce, "Likita, a kula, ni sikila ne." Likitar ta duba katinsa, ta dube shi, ta ce, "In ji wa? Mai AS ba majinyaci ba ne. Yi ƙwallonka, ka riƙa shan ruwa sosai. In aure ya zo dai, ku yi gwaji kai da yarinyar." Maganar duka ba ta kai shan kofin shayi ba.

Yana warkewa ya nufi fili da saurinsa. Ya tarar ana wasan ƙarshe, ɗan ɗakin nasu na tsaye a raga sanye da safar hannunsa, jama'a na ta kiran sunansa. Ya tsaya cikin 'yan kallo da lafiyarsa ƙalau, shi ma ya tafa, idonsa ya kawo ruwa. Babu wanda ya cire shi daga ragar nan, shi ya cire kansa.

Don haka gobe da safe ki je ki bi layin, ko ya kai bakin titi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.