Rabin Dankali

Ƙarfe shida na yamma na danna ƙararrawar gidan ƙawata. A garinmu Groningen, a ƙasar Holan, ba a faɗo wa mutum lokacin cin abinci, don dankalin ma ƙidayayye ne, kowa da nasa.

Shekarun karatuna a Kanada na sha sanyi da kaɗaici, ban yi wa kowa kuka ba. Ita kaɗai ce ƙawar da ta rage mini, amma idan ta sallame ni, ba zan roƙe ta ba.

Ta buɗe, ta dube ni, ta dubi agogo.

"Ke, uwar girman kai, babu waya ne a Kanada?"

"In koma?"

Ta shige, ta bar ƙofa buɗe. Daga bakin ƙofar na hango ta da wuƙa, tana raba dankalinta biyu.