Sannu Biyu

Katafila na gama rushe rumfunansu a kasuwar Adjamé, kowa ya shiga kururuwa, ban da wata tsohuwa 'yar Vietnam, mabiyiyar addinin Buddha. Tana zaune kan ɓaraguzai, ido a rufe, leɓe na motsi.

Mai goro, maƙwabciyarta, ta daɗe tana son jin yadda addu'arsu take. Ta matso, ta kasa kunne, ta ji tsohuwar tana cewa:

"Sannu... sannu."

"Mama, wannan ai Hausa ce!"

"A bakinki na tsince ta," in ji tsohuwar. "In na shaƙi iska, na ce wa zuciyata ta bi a sannu. In na fesar, na yi wa kowa sannu."

"Har da direban katafilar?"

"Da shi na fara. Dubi hannunsa."

Mai goro ta waiwaya. Hannun yana rawa.