Keken da Ya Gudu a Gaban Eriya

Ha'inci mugun ciwo ne, kuma shi ya kama Kawu, mai kamfanin keken guragu na lantarki.

Ya tsaya a bakin ɗakin gwaji na hukumar tantance kaya yana huci. 'Yar ƙanwarsa, injiniyar wurin, ta saita wa keken da za a gwada wata eriya mai watsa igiyoyin rediyo iri-iri, don a ga ko za su ruɗa shi kamar yadda wayar wani za ta iya yi a titi.

"Sa hannu a takardar shaida kawai, 'yar nan. A kafaɗata fa kika girma."

"Ban manta ba, Kawu. Amma eriya ba ta da kawu."

Ta ja ƙofar ƙarfen ta rufe, ta kunna. Suna kallo ta allo, keken da babu kowa a kansa ya zabura, ya daki bango, ya kife.

"Ba wannan na aiko ba!" Kawu ya daka tsawa.

"Ba shi ba ne. Wanda ka aiko ka lulluɓe cikinsa da jan ƙarfe mai tare igiyoyin rediyo don ya tsallake gwaji. Wannan irin wanda kake sayarwa a kasuwa ne. Dubi matashin zaman da ya faɗo."

Ya duba. Matashin mahaifiyarsa ne, kekenta ne da ake kai ta asibiti a kai, jikarta injiniyar ta ɗauko shi daga gida.

Kawu ya rasa takardar shaida, ya rasa cinikin asibitoci. Tsohuwa kuwa ta koma dogara sandarta, ko hannunsa ba ta yarda ta kama.