Maɓalli Mai Huda Uku

Da aka tashi daga makaranta, malamin adabi ya ce wa wata ɗalibarsa ta tsaya. Ya jira har ɗalibi na ƙarshe ya fita, sannan ya tura ƙofar aji.

Labarin bincike ya ce kowa ya ƙirƙiro, ita kuwa sati biyu tana cizon biro, kanta ya ƙi kawo komai. Da ta rasa mafita, sai ta rubuta labarin ainihin gobarar da ta cinye ɗakin takardun jarrabawa na makarantarsu, har da koren maɓalli mai huda uku da ta tsinta a gindin tagar ɗakin ranar shara.

"Labarinki ya fi na kowa," in ji shi, yana murmushi. "Amma ba ki faɗi wanda ya sa wutar ba."

"Ƙarshen ne ya gagare ni, Malam."

"Wannan maɓallin, ke kika ƙirƙiro shi?"

Ta sunkuyar da kai. Maɓallin na cikin aljihunta, gumin tafinta ya jiƙa shi.

"Kin nuna wa wani? Ko mamanki?"

"A'a."

"Madalla. Matso in taya ki ƙarasawa."

Ya miƙo mata jan biro. Hannun rigarsa ya buɗe, zare kaɗai ke reto a gurbin maɓalli. Ta saci kallon ɗaya hannun. Maɓallin da ke can kore ne, mai huda uku.

Yanzu ta san ƙarshen labarin. Ta ɗago kai, ta ga shi ma ya san ta sani.